Ciwon ƙirjin Gwaggo: allurar ƙwayar gado, sitent, tiyata, ko a ci gaba da shan magani?

Maganar ta taso ne a gidanmu na Tudun Wada bayan la'asar, ranar da Yaya ya zo daga Abuja da waya a hannu yana nuna mana wani bidiyo da aka turo masa, wai a Amurka an samo allurar da ake yi wa mata masu ciwon zuciya sau ɗaya tak, sai sababbin jijiyoyin jini su tsiro a zuciyar, shikenan an rabu da haɗiyar ƙwaya safe da dare. Har ya fara lissafin nawa filinsa na Rigasa zai yi in aka sa shi a kasuwa. Gwaggo tana kan darduma tana jan carbi ta ce, "Ɗan nan, ni fa in zan je islamiyya in dawo ban tsaya a hanya ba, ai na gode wa Allah." Wannan magana ta taɓa ni sosai, don ni ce mai raka ta, na san yadda take tsayawa a bakin shagon mai niƙa kamar gaisuwa ta tsaya yi, alhali ƙirjin ne ya ɗaure, sai ta dafa bango ta yi minti biyu uku tana numfashi a hankali kafin mu ci gaba.

Tunda ni ke riƙe katinta na asibiti, ni aka ɗora wa aikin bin diddigi. Abin da na tattara kenan, don na san ba gidanmu kaɗai ne ake wannan ja-in-ja ba.

Da farko a gane ciwon. Zuciya tsoka ce, ita ma jini take sha ta jijiyoyinta na kanta. In kitse ya taru a bangon jijiyar hanya ta tsuke, to muddin mutum na zaune jinin na isa, amma da ya hau bene ko ya ɗauki bokitin ruwa ko ransa ya ɓaci, zuciya ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ƙirji ya yi nauyi kamar an aza dutse. In an huta ya lafa cikin 'yan mintuna. Shi ne likitoci ke cewa anjaina mai tsayayyen hali, wato wadda ka san abin da ke tayar da ita ka san abin da ke kwantar da ita. Mu mata kuma namu ba kullum yake zuwa a fili haka ba, wata haki ne kawai da gajiya, wata ciwon muƙamuƙi ko tsakiyar baya, wata zafi a saman ciki, shi ya sa Gwaggo ta yi kusan shekara ana ce mata olsa ce tana ta shan farin maganin ruwa. Kuma mata da yawa in aka yi hoton jijiyoyin sai a ga manyan a buɗe suke, matsalar tana can cikin ƙananan da suka yi siririn da hoto ba ya kamawa. Ku riƙe wannan, don shi ke raba gardama a gaba.

Dan Allah kafin komai: in ciwon ya zo mutum na zaune ba aikin komai, ko ya ƙi lafawa bayan an sa maganin ƙarƙashin harshe, ko ya zo da zufa da jiri, wannan ba na zaman shawara ba ne, asibiti za a nufa a take.

Abubuwan da na auna kowane zaɓi da su guda biyar ne. Shin an gwada shi a kan mutane da yawa an ga yana aiki? Nawa zai ci, ba ranar farko kaɗai ba har da abin da ke biyo baya? Amfaninsa zai daɗe? Yaya wahalarsa ga mace mai shekaru da ke zaune a Kaduna? Sannan wane haɗari ke ciki? Na farkon shi ne uba, don abin da ba a tabbatar yana aiki ba, arha ko tsadarsa duk ɗaya ne.

Bari in fara da allurar da ta kawo maganar, don a kanta na fi daɗewa. Abin da gaske akwai shi, ba ƙarya aka shirga gaba ɗaya ba. Dabarar ita ce a ɗauki wata ƙwayar bairas irin mai kawo mura, adenobairas, a cire mata ƙarfin hayayyafa, a ɗora mata ƙwayar gado mai ɗauke da umarnin ƙera wani sinadari da ke sa jijiyoyin jini tsirowa, sai a zura siririn bututu har cikin jijiyar zuciya a zuba sau ɗaya. Bairas ɗin kamar ɗan aike ne, ya kai saƙo cikin tsokar zuciya, ita kuma ta yi 'yan makonni tana ƙera sinadarin, da fatan ƙananan hanyoyin jini za su ƙaru su zagaye inda ya toshe. Wanda aka fi sani shi ne Generx, mai ɗauke da ƙwayar gadon FGF-4. An gwada shi a jerin binciken da ake kira AGENT, amma a 2004 aka dakatar da ɗibar marasa lafiya a na uku da na huɗu saboda an leƙa sakamako a tsakiya an ga da wuya ya nuna wani bambanci. Daga baya aka haɗa bayanan mutum 532 na binciken biyu aka wallafa a 2007, sai aka ga wani abin mamaki: a maza babu bambanci tsakanin wanda aka yi wa allurar gaske da wanda aka yi wa ta wofi, don mazan da aka ba ta wofin ma sun ƙara daɗewa a kan injin tattaki, amma a mata an ga waɗanda suka samu ta gasken sun fi 'yan uwansu daɗewa suna tafiya kafin ƙirji ya kama.

To nan ne asalin maganar "allurar mata" ɗin. Sai dai matan nan ba su kai ɗari ba a cikin 532, kuma bayan an gama ne aka tsame su aka duba, ba tun farko aka shirya binciken don su ba, irin wannan kuwa yakan zama dace ne kawai. Masu maganin ma sun san haka, shi ya sa kamfanin Cardium ya buɗe wani bincike na mata zalla a 2007 mai suna AWARE, aka tsara ɗibar mata wajen 300 waɗanda sitent, wato ragar da ake buɗe jijiya da ita, ko tiyata ba za su yi musu ba. Ba a kammala shi yadda aka tsara ba. Tun daga nan an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje, akwai na garin Kuopio a Finland da aka yi da mutum 30 da wata ƙwayar gadon daban, akwai na XC001 a Amurka da ake ɗan tsaga gefen ƙirji a yi allurar kai tsaye cikin tsokar zuciya, duk sun ba da ƙwarin gwiwa amma duk ƙanana ne. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko guda ɗaya na anjaina a sayar ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce babu kantin da za ka je da kuɗin fili ka saya. Ana samunsa ne kawai in an ɗauke ka cikin bincike, a can kuma ba a karɓar kuɗin maganin, amma akwai sharuɗɗa masu tsauri, galibi sai wanda magani ya gaza masa kuma sitent da tiyata ba za su yiwu ba, kuma sai ka zauna kusa da asibitin wata da watanni ana bibiyarka, sannan ta yiwu ma ka faɗa cikin waɗanda za a yi wa ta wofi ba ka sani ba. Akan cire masu tarihin ciwon daji da waɗanda ciwon suga ya taɓa musu jijiyoyin ido, don abin da ke sa jijiya tsirowa ana tsoron kar ya tsirar da ita inda ba a so. Zazzaɓi na ɗan lokaci da ɗan motsin hanta an gan su a gwaje-gwajen. Kuma masu wannan fanni ba sa mantawa da Jesse Gelsinger, matashi ɗan shekara 18 da ya rasu a 1999 a wani gwajin maganin ƙwayar gado na wata cutar hanta da aka yi da adenobairas, daga nan aka ƙara tsaurara dokoki. Game da kuɗi in ma an amince da shi wata rana, ku dubi na sikila da muka fi sani a nan, Casgevy, da Amurka ta amince da shi a Disambar 2023, dala miliyan 2.2 aka sa masa. Don haka duk wanda ya ce a turo kuɗi zai haɗa ku da asibitin da ke wannan allura ta zuciya, ku riƙe aljihunku.

Sai shan magani, wanda Yaya yake gani kamar ba a yi komai ba. Wallahi nan ne na fi canza tunani. Magungunan kashi biyu ne: masu kare mutum daga bugun zuciya, wato asfirin ƙarami da maganin rage kitsen jini irin atorvastatin da na hawan jini da na suga, da kuma masu rage ciwon kansa, irin bisoprolol ko atenolol da ke sassauta gudun zuciya, amlodipine, da dangin naitiret har da na ƙarƙashin harshe, in duk ba su isa ba akwai irin su ranolazine. Manyan bincike biyu sun gwada wannan hanya da ta sa sitent, COURAGE a 2007 da mutum 2,287, da ISCHEMIA da sakamakonsa ya fito a 2019 da mutum 5,179, duka biyun sun nuna cewa ga mai ciwo mai tsayayyen hali, gaggawar buɗe jijiya ba ta rage mutuwa ko bugun zuciya fiye da shan magani yadda ya kamata ba. Ku kwatanta dubban nan da mata ƙasa da ɗari na can sama.

Wahalarsa kuwa ba ɓoyayya ba ce. Kullum ne har ƙarshen rayuwa, kuma kuɗin da kake gani kaɗan ne a wata, in ka tara na shekara sai ka riƙe baki, ga farashin kemis da ba ya zama wuri ɗaya. Ga jabun magani, shi ya sa muka tsaya wa kanti ɗaya da muka yarda da shi muna duba lambar NAFDAC. Na ƙarƙashin harshe yana sa ciwon kai da jiri, dole a zauna kafin a sa, Gwaggo a ƙaramar jakar da take sa carbi take ajiye nata don kar ya yi nisa da ita. Amlodipine yakan kumbura ƙafa, asfirin kuma yana iya tayar da gyambon ciki na gaske, wanda duk abubuwa ne da za a gaya wa likita ya canza, ba a daina sha a ɓoye ba. Babbar matsalarmu ma ita ce da an ji sauƙi sai a ajiye, ko wata maƙwabciya ta kawo jiƙo a ce a huta da na asibiti, alhali irin su bisoprolol in aka yanke su farat ɗaya ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Da azumi ya gabato kuma a je a daidaita lokutan sha da sahur da buɗa-baki tun kafin a ga wata. Kuma ga matan da matsalarsu ta ƙananan jijiyoyi ce, wannan hanyar ce kusan duk abin da ake da shi a hannu, tare da rage gishiri da dunƙule da maiƙo da yin tattaki daidai ƙarfi.

Sitent wata 'yar raga ce ta ƙarfe da ake zurawa ta jijiyar hannu ko ta matsematsi a kai inda ya tsuke a buɗe, mutum idonsa biyu, kwana ɗaya ko biyu an sallame shi. In akwai wuri guda da ya toshe sosai, yakan rage ciwo da sauri fiye da magani. Amma gyaran wuri ɗaya ne, sauran jijiyoyin suna nan da kitsensu, don haka ƙwayoyi ba sa raguwa sai ma ƙaruwa, za a haɗa asfirin da clopidogrel na wajen wata shida ko fiye, kuma in aka daina su kafin lokaci jini na iya daskarewa a cikin ragar, wanda ya fi ciwon farko muni. Ruwan da ake zubawa don hoton yana iya taɓa ƙoda, mai suga da mai raunin ƙoda sai an yi hattara. Kuɗinsa miliyoyin naira ne kuma yana bin dala, mutanenmu da yawa Abuja ko Legas suke zuwa, wasu Masar ko Indiya. Wadda manyan jijiyoyinta a buɗe suke, babu inda za a sa mata shi.

Tiyatar baifas ita ce babba, a buɗe ƙirji a ɗauko jijiya daga cikin ƙirjin ko ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya ta tsallake toshewar. Ga wadda babbar jijiyar hagu ta toshe mata, ko jijiyoyi uku, musamman in da suga ko zuciyar ta yi rauni, wannan ce aka ga tana tsawaita rai. Jijiyar cikin ƙirji da aka dasa takan wuce shekara goma tana aiki, ta ƙafa ba ta kai ta ƙarko ba. Sai dai jinya ce ta wata biyu zuwa uku, da haɗarin shanyewar jiki da zubar jini da ruɓar rauni, kuma ita ta fi kowa cin kuɗi cikin waɗanda ake iya samu.

Akwai kuma wata da ba a cika ambata ba, EECP, a ɗaura wa mutum wasu madaurai a ƙafafu da cinya suna matsawa daidai da bugun zuciya, awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, har mako bakwai, awa 35 kenan. Ba yanka ba allura, wasu suna samun sauƙi na watanni har shekara da wani abu, amma hujjarta ba ta kai ta magani ƙarfi ba, kuma ba a yi wa mai daskarewar jini a ƙafa ko mai hawan jinin da bai sauka ba.

| Zaɓi | Hujja | Kuɗi | Daɗewa | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Shan magani | Mai ƙarfi, dubban mutane | Kaɗan a wata, amma ba ya ƙarewa | Muddin ana sha | Ana yi daga gida | Ciwon kai, jiri, gyambon ciki, jabu |
| Sitent | Yana rage ciwo, bai fi magani tsawaita rai ba | Miliyoyin naira | Shekaru, wani lokaci ya sake tsukewa | Tafiya da kwana ɗaya ko biyu | Zubar jini, ƙoda, daskarewar jini |
| Baifas | Mai ƙarfi ga toshewa mai yawa | Ya fi duka | Sau da yawa sama da shekara goma | Jinyar wata biyu zuwa uku | Mafi girma |
| EECP | Matsakaiciya | Na zama 35 | Watanni zuwa 'yan shekaru | Zirga-zirgar mako bakwai | Kaɗan |
| Allurar ƙwayar gado | Tana matakin gwaji | Ba a sayarwa | Gwaji bai tabbatar ba tukuna | Sai an ɗauke ka a bincike a waje | Zazzaɓi, hanta, tsiron jijiya inda ba a so |

Abin da na gaya wa Yaya a daren nan muna zaune a zaure shi ne, duk wannan tebur ba shi da amfani in ba a san me ya toshe ba, kuma gwajin sanin hakan ko kusa bai kai kuɗin fili ba. A nan gida ana ganin likitan zuciya a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko a hau mota zuwa Shika a Zariya, a yi ECG, wato gwajin yadda zuciya ke bugawa, da hoton zuciya na eko, a duba suga da kitsen jini da ƙoda da yawan jini ma, don ƙarancin jini kaɗai yana iya tsananta ciwon, mu mata kuwa ba baƙonmu ba ne.

Daga nan sai kowa ya ga layinsa. Wadda ciwon ke zuwa sai ta yi aiki mai nauyi kuma ba a taɓa daidaita mata magani da kyau ba, ta fara da magani ta ba shi watanni tana komawa ana gyarawa. Wadda ta sha iri biyu uku yadda aka ce amma har yanzu ba ta iya share tsakar gida, ita ce ta cancanci hoton jijiyoyi, in an ga wuri ɗaya ko biyu a yi maganar sitent. In hoton ya nuna babbar jijiyar hagu ce ko guda uku ga suga, to a nan ne sayar da fili yake da ma'ana, a tara kuɗin baifas kar a ja lokaci. Wadda aka ce mata manyan jijiyoyinta lafiya lau amma ciwo na nan, kar ta yarda a ce mata tunani ne kawai ko sammu, ta nemi likita ya duba batun ƙananan jijiyoyi. Allurar ƙwayar gado kuwa ta wadda duk ƙofofin nan suka rufe mata ce, kuma likitanta ne da kansa ya samo binciken da ke ɗibar mutane ya rubuta musu, ba ɗan kamasho ba.

Gwaggo dai a layin farko ta faɗo. Likita ya duba ledar magungunanta ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan na kitsen yaushe rabonki da shi?" sai ta sunkuyar da kai ta ce tun da ya ƙare kafin babbar sallah ba ta so ta dami yara. Ya mayar mata da shi, ya ƙara mata na sassauta gudun zuciya, ya ce mu dawo bayan mako shida da takarda an rubuta sau nawa ciwon ya zo da abin da take yi lokacin, in bai ragu ba sai a yi maganar hoton jijiyoyi a Abuja. Yaya ya bar maganar filin, yanzu duk ƙarshen wata shi ke turo kuɗin magani na wata biyu gaba, ni kuma na manna takardar a bayan ƙofar ɗakinta da biro a ɗaure da zare, ranar Asabar da muka je islamiyya sau ɗaya ta tsaya, a daidai hawan nan na kusa da masallaci.